Wankin inji a shagon Maman Ernest

Ƙarfe shida da rabi na safe Rifkatu Bobai take buɗe shagon niƙanta a Narayi, bayan layin masu kayan miya. Ba mai kiranta da wannan suna, Maman Ernest kowa ya sani. Takan share ƙasa, ta duba bel ɗin inji, ta ɗaura tsohon ɗankwali a hanci, sannan ta tsaya tana kallon bokitan da aka jera a ƙofa. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ban da Lahadi. A ƙarshen wannan wata za ta daina. Likita ya ce ƙurar gari ta cika mata ƙirji, kunnenta na hagu kuwa tuni ƙarar inji ta tafi da shi.

Kallon bokitan nan ba na banza ba ne. Ta san matar da take kawo mudu uku na masara, yanzu ta koma ɗaya. Ta san wadda ba ta zuwa sai layi ya watse, don kada a ga abin da ta riƙo. Takan kuma leƙa goyon da ke bayan uwa, ta duba launin gashinsa da kaurin dantsensa. Ba ta taɓa tambayar kowa me aka ci a gidansu ba.

Duk mai niƙa ya san wankin inji. In an gama na wani, kafin a zuba na wani, akan jefa 'yar dusa ta kwashe abin da ya maƙale a haƙoran inji, a zubar wa kaji. Ita ma tana yin haka. Amma a bayan injinta akwai buhu na biyu, na waken soya da gyaɗa, wanda take soyawa da kanta kowace Asabar. In bokitin irin waɗancan matan ya zo, sai ta ce inji bai wanku ba, ta ɗebo daga buhu na biyu ta zuba tare da masarar. Wannan wankin ba ya zuwa wurin kaji. Cikin bokitin mai niƙa yake sauka.

Indo mai koko, wadda ta yi shekara ashirin tana niƙa a wurin, ta ce sai da ta daɗe kafin ta gane. "Na ga ni injin kullum a wanke yake in an zo kaina. Na ce, Maman Ernest, ni ba na datti ne? Ta ce, ke Indo, dubi yadda kumatun 'ya'yanki suka cika ki yi mini shiru."

Sau ɗaya aka nemi mayar mata da kyautarta, shekara shida da suka wuce. George makaniken injuna ne a wata masana'anta a Kudenda, har ranar da aka rufe sashensu aka sallame su. Matarsa Lizzy ta kai 'yarsu Debby asibiti tana da shekara biyu, don ta daina tafiya bayan ta fara. Aka ɗaura mata igiyar awo mai launi a dantse, ta tsaya a kan ja. Nas ta ce yunwa ce, kunun masara zalla ba zai tashe ta ba. Lizzy ba ta gaya wa kowa ba. Maman Ernest ta ga yarinyar a goye, ta fara wanke inji.

Sati biyu ana haka. George mutum ne mai awo, kuma yana zaune a gida ba aikin yi. Wata rana ya auna masara da hannunsa, ya auna garin da ya dawo. Da tsakar rana sai ga shi a shagon da bokiti, ya dire shi a gaban mata.

"Mama, mudu ɗaya na aiko."

Ta juyo masa da kunnen dama. "Me ka ce?"

"Na ce mudu ɗaya na aiko! Wannan ya fi ɗaya da rabi, kuma da ƙanshin gyaɗa. Ko kin haɗa mana da na wani, ko kuma sadaka ake ba ni ban sani ba."

Indo tana kan layi. Ta ce, "Ikon Allah! Yau ga wanda ya zo ƙara don an cika masa mudu. Oga, in ya yi maka yawa juye mini." Mata suka kwashe da dariya. George bai yi ba.

Maman Ernest ta kashe inji, abin da ba ta yi da rana sai an ɗauke wuta. Ta san in ya bar bokitin nan ya tafi, Lizzy ba za ta sake takowa shagon ba, yarinyar kuma za ta koma kan kunun masara. Ta ja shi bayan shago inda ba mai jin su.

"Baban Debby, kai na ba wa?"

"Gidana aka kai."

"Masararka tana ciki, ba wanda ya taɓa. Ka tuƙa tuwonka ka ci da girmanka. Sauran na Debby ne, ni da ita ne. In za a mayar, je ka ɗauko ta, ta tako da ƙafarta ta mayar mini."

Su biyun sun san yarinyar ba ta iya tsayuwa. George ya koma ya ɗauki bokitin ya wuce ta gaban matan.

Washegari ya dawo da sufana da giris. Ya ce tun daga titi yake jin bel ɗinta yana kuka, kuma ba zai iya haƙuri da wannan ba. Ta bar shi ya gyara. Tun daga lokacin shi ke wasa haƙoran injin, ko bayan da ya sami wani aiki a Sabon Tasha. Shi da kansa ya yarda a ba da wannan labari da sunansa. Ya ce ya yi shekaru yana jin kunyarsa, yanzu ya daina.

Maman Ernest, ba ki kawar da yunwa daga Narayi ba, kuma ba ki taɓa cewa za ki iya ba. Albashin ma'aikaci har yanzu ba ya kai shi ƙarshen wata, masara kuma ba ta sauko ba. Ke ce dai kika gane cewa mai iyali yakan zaɓi yunwa a kan a nuna shi da yatsa, sai kika nemi hanyar da abinci zai shiga gida ba tare da kowa ya miƙa hannu ba. Ba ki rubuta sunan kowa ba. Da aka tambaye ki yara nawa ne, cewa kika yi ba ki ƙirga ba, kina ta fama da inji.

Kowace unguwa a kudancin Kaduna tana da mai niƙa, da mai awon hatsi, da mai sayar da manja. Su ne na farko da ke ganin gidan da ya fara ragewa, tun kafin nas ko malamin makaranta. Abin da ake roƙonsu bai fi ƙarfinsu ba: su duba, su yi shiru, su ƙara abin da za su iya.

Mun gode, Mama. Allah ya ba ƙirjinki sauƙi, ya sa ki huta. Debby ta sake takawa wata biyu bayan ranar bokitin. Yanzu tana aji uku, kuma malamarsu ta mayar da ita bencin baya don ta yi tsawo, tana tare wa sauran allo.