Mama Odessa da Rigar Malaki

Litinin ranar Mama Odessa Tillery ce. Bayan wasan Lahadi, rigunan 'yan ƙwallonmu kan dawo kamar an ƙwato su daga bakin karnuka, wata ta yage a kafaɗa, wata lambarta na reto, wata ta sha ciyawa da jini. Ni nake wanke su, ni nake tura su a kwando zuwa ɗan ɗakinta da ke ƙarƙashin filin wasa. Kafin in iso ta kunna rediyon waƙoƙin coci, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta zura zare a keken ɗinki.

"Wendell, wannan wanki ka yi ko jiƙo?"

Gaisuwar da take yi mini ke nan shekara da shekaru, kuma har yau ban samo amsar da ta gamsar da ita ba.

Masu kallo a talabijin suna zaton rigar ɗan ƙwallon Amurka haka take zuwa daga kamfani, ta ɗame jiki tsam. Ina! A wasan nan namu na hular kwano da sulken kafaɗa, ƙato ne ke karo da ƙato, kuma duk inda riga ta saki, nan hannun abokin karawa zai damƙa ya riƙe. Doka ta hana riƙo, amma alƙalin wasa idonsa biyu ne kawai. Don haka kowace riga sai ta bi ta hannun Mama Odessa. Ta auna mai ita da sulkensa a jiki, ta rage nan, ta tsuke can, har sai an haɗa mutum biyu kafin a cusa shi ciki. In ɗan wasa ya ce numfashi na yi masa wuya, sai ta ce, "Ka yi numfashin bayan an tashi, ɗana."

Aiki ɗaya ne ba ta so. A sana'ar nan ana iya sallamar mutum kowane mako, kuma in an sallame shi, ita ake kawo wa rigarsa ta sa reza ta farke sunansa daga baya, don a ɗinka na wani. Ranar irin wannan aiki ko rediyo ba ta kunnawa, ni ma nakan kama kaina.

Kakar bana da ɗaci ta fara mana. Mako bayan mako ana lallasa mu, har maƙwabcina ya daina tambayata tikiti. Cikin waɗanda ake nunawa da yatsa akwai Malaki Fuatai, sabon ɗauka daga tsibirin Samoa. Aikinsa shi ne ya fasa layin ƙattin da ke gabansa, ya kayar da mai jefa ƙwallon abokan karawa kafin ya jefa. Ranar da ya zo, sai da ya karkata kafin ya shiga ƙofar ɗakin ɗinki. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai ga shi ana tura shi baya kamar amalanke. Koci Brandvold ya kira shi ya ce nauyinsa na raguwa, ya ci abinci. Malaki ya sunkuyar da kai ya ce to, ranka ya daɗe. A gidansu yaro ba ya kai wa babba ƙorafi, don haka ba wanda ya ji wani abu daga bakinsa. Mu na ƙasa mun san inda maganar ta nufa. In ba a ga canji ba, rigarsa za ta sauko ɗakin ɗinki ba shi a ciki.

Kowace Laraba Mama Odessa na rage masa riga. Wata Laraba ina tsaye da kwandona, ta zagaya masa ma'auni a ƙirji, ta duba, ta cire tabarau.

"Malaki, zo nan. Me ka ci jiya?"

"Na ci, Mama."

"Ban ce ko ka ci ba. Me ka ci?"

Ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Abincin nan yana da kyau, Mama. Sai dai in na sa a baki ba ya wucewa. A gida ba na cin abinci ni kaɗai."

"Me uwarka take dafa maka?"

"Gwaza da madarar kwakwa. Da kifi."

"To ka ji ni da kyau. Na gama rage rigar nan. Zarena ba na banza ba ne. Kai za ka cika ta."

Ke ce, Mama Odessa, kika ɗauki maganar gwaza kika kai cocinku ranar Lahadi, kika tashi tsaye bayan sanarwa kina tambayar wa ya san mutanen Samoa a jihar nan. Mutane suka yi dariya, ke ko a jikinki. Wani direban babbar mota ya tuna da wani tsohon soja ɗan Samoa a garin da ke bayan gada, matarsa Sina, da 'ya'ya da jikoki cike da gida. Talata ce ranar hutun 'yan wasa, ranar hutunki ce ke ma. Kika cusa ƙaton nan a 'yar motarki, gwiwoyinsa a haɓa, kika kai shi har ƙofar gida.

Na bi su a zuwa na uku, don na ji labarin kifin. Abin da na gani ya isa. Malaki zaune a tabarma, yara na hawa kansa, yana magana da harshensu ba tsayawa, mutumin da mu muka ɗauka miskili ne. Sina na zuba masa abinci tana faɗa.

"Wannan ne ƙaton da ake biya ya ture mutane? Ƙanena ya fi shi ci, kuma tela ne."

"Yi hankali da teloli," in ji Mama Odessa, "ga ɗaya a zaune."

Ba zan ce gwaza ce ta gyara mana kaka ba, masu jefa ƙwallo da masu cafewa za su tare ni a hanya. Amma ganye na gama zuba daga itatuwa muka fara cin wasa, kuma Malaki ya daina tafiya da baya. Ranar wasan ƙarshe, wanda sai mun ci za mu shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, dusar ƙanƙara na sauka, saura ƙiris a tashi, muna gaba da maki kaɗan, ƙwallo na hannun baƙi. Malaki ya kutsa. Wanda ke tare shi ya kai hannu kafaɗarsa zai riƙe, yatsunsa suka zame, don babu ko tsinken yadi da zai kama. Malaki ya rungume mai jefa ƙwallonsu ya kwantar da shi a ƙanƙara, lokaci ya ƙare. Filin nan kamar zai tsage. Na ruga ƙasa in gaya wa Mama Odessa, na same ta tana sa wa wani wando faci. Ba ta kallon wasa, wai zuciyarta ba ta ɗauka.

"Ya yaga mini riga?" ta tambaya.

Kofi dai ba mu ɗauka ba. Mako biyu bayan nan aka cire mu, kuma mun ji zafi sosai. Washegari kowa ya zo kwashe kayansa, ranar da ake kiran mutane ofis ɗaya bayan ɗaya a gaya musu matsayinsu. Ita ce kuma ranar ƙarshe ta Mama Odessa a bakin aiki, idanu sun gaji, jikoki na jira. Tana naɗe zarurrukanta sai ga mataimakin koci da riga a hannu, lambar Malaki a jiki. Na ga hannunta ya tsaya cak. Ta miƙa ta kashe rediyo.

Sai ga Koci Brandvold ya leƙo, Malaki a bayansa yana murmushi har kunne.

"Mama, kafin ki tafi," in ji kocin, "a ƙara wa wannan faɗi. Mai ita yana nan baɗi, kuma ta yi masa kaɗan."

Ta dube shi, ta dubi Malaki, ta share ido da bayan hannu.

"Sai yau da na tattara kayana? Wendell, tsayuwar me kake yi? Kunna mini rediyon nan."

Mun gode, Mama Odessa, gwanar allura, uwar ƙatti. Sunanki bai taɓa hawa bayan riga ba, amma sunaye da yawa sun zauna a nan saboda ke. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar ido. Mu kuma da muka rage a wuraren aiki, in muka ga na kusa da mu yana ramewa, kada mu tsaya a ce masa ya ci abinci. Mu tambaye shi me uwarsa take dafa masa, sannan mu ɗauko makullin mota.