Robobi Masu Jan Fenti

Shekara goma sha tara Iya tana sharar ɗakin gwaje-gwajen nan, ko kwalba ɗaya ba ta taɓa fasawa ba. Kafin kowa ya iso ta goge tebura, ta gaishe da duk wani mai numfashi a ɗakin, har ɓerayen keji.

Sai ga wani ɗalibi, wanda ta laƙaba wa Tabarau, ya jera robobi goma cike da 'ya'yan kwaɗi. Biyar ya shafa musu jan fenti. Ya ce, "Iya, ban da nan." Ta ce to.

Ba a yi sati ba ta ga na jan fentin sun yi laushi. Ta sunkuya ta shinshina, sai warin maganin feshin da ƙaninta ke yi wa gonarsa. Haba, marayu cikin dafi! Kullum da sassafe sai ta tsiyaye ruwan ta zuba musu sabo.

Ranar da duk suka fito da ƙafafu, ta tarar da Tabarau ya dafe kai.

"Ɗan nan, lafiya? Ba ga su sun warke ba?"

"Warkewar ce matsalar, Iya."

"Ikon Allah! So kake su mutu?"

Ya ce a'a. Wai jikin ɗan kwaɗo ƙananan ƙwayoyi ne masu aika wa juna saƙo: ke jela, janye, ku ƙafafu, ku fito. Maganin feshi kuwa tare ɗan aiken yake yi a hanya.

"To wa ya aike shi?" in ji Iya.

Bai ko ji ta ba. "Ni na zuba maganin da hannuna. Yanzu sai dai in rubuta cewa ba ya illa."

Iya ta auna lamarin. In ta yi magana, aikinta ne a bakin ƙofa. In ta yi shiru, ga rafin da ke gindin gonar ƙaninta, inda jikokinta ke wanka.

Ta jingine tsintsiya. "Ni ce nake canza musu ruwa."

Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce, "Alhamdu lillahi!"

Nan kan Iya ya ƙarasa kullewa: ta ɓata masa aikin wata uku, yana godiya.

Bai kai ƙararta ba, ya sake sabon zubi. Robobi marasa fenti ya bar mata ta kula da su. In ta zo wuce jajayen sai ta kau da kai, ta ce a hankali, "Ku yi haƙuri, ni ma ban gane ba."