Baba Ba Ya Nuna Gidan Kowa

Jiya wani baƙo ya tambaye ni gidan maƙwabcina, na nuna masa, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Da shi ne, ba zai nuna ba.

Dattijon unguwarmu ne, baƙar fata daga Amurka, ya musulunta, ya tsufa a cikinmu a unguwar Ƙuba ta ƙasa mai tsarki yana Hausarsa mai gargada. Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar gidansa, ga dabino, ga shayi yana ƙamshin na'ana'a.

Wata rana a shekarun tamanin, wani alhaji daga Kano ya yi sallama da ƙunshin kilishi, yana neman telan unguwarmu. Baba ya ce, "Ma a'rif, ban san shi ba." Alhali telan na zaune a gefensa, gwiwa na gugar gwiwa! Telan ya ce ga shi, muka yi ta dariya.

Da baƙon ya tafi na ce, "Haba Baba, tsaraba fa aka kawo."

Ya ce, "Ɗana, a ƙasarmu ma da murmushi jami'an gwamnati suka zo. Ina koyarwa aka ce ni ɗan kwaminis ne, in faɗi sunayen abokan tarona a ƙyale ni. Na ƙi. Suka kore ni daga aiki, suka ƙwace fasfona, maƙwabta suka daina amsa gaisuwata. Abokin da ya ba da sunana, har na baro ƙasar bai iya haɗa ido da ni ba." Ya miƙo mini dabino. "Bakin ya riga ya saba da cewa ban sani ba."

Ya Allah, yadda ya rufa wa bayinka asiri, ka rufa masa nasa, ka kira sunansa cikin 'yan Aljanna.