Kaskon Oddny

Oddny ta zuba ludayin ƙullu a kasko, ta jira ƙananan idanu suka buɗe a bayan fanken, sannan ta juya shi. Na farko kullum na Torleiv ne, mai ɗaure igiyar jirgi. Shekara talatin da ɗaya tana suya a ɗan ɗakin girkin jirgin fiton nan, mai kai da komo a fiyord, inda teku ya kutsa tsakanin duwatsu siriri kamar zare a kafar allura.

Mahaifinta, wanda ya tsufa yana fito da kwalekwale, yakan ce a bakin kakanni fiyord na nufin inda ake ratsawa a wuce. Ita dai ba ta wuce ba. A tsakiyar ruwan ta yi furfura.

Gidanta na gaɓar arewa, na Torleiv na kudu, kuma babu wanda ya taɓa taka ƙofar wani. Mutanen nan ba sa zuwa gidan mutum sai da dalili, jirgi kuwa ya hutar da su neman dalili. Ko da mijinta ya rasu, a nan Torleiv ya yi mata ta'aziyya, tsaye, hula a hannu.

Gobe za a buɗe gada, jirgi ya kwanta. Daga nan ba ta san inda za ta ƙara ganinsa ba.

Ya shigo yana ɗigar ruwan sama, ya ɗauki fankensa, ya shafa man shanu da sukari.

"Ya ƙone," in ji shi.

"Harshenka ne ya ƙone, tsoho. Tun ina da baƙin gashi kake kushewa, ba ka taɓa ragewa ba."

Ya tauna, yana kallon taga.

"Kaskon nan fa, ina za shi?"

"Gida mana."

"A wancan ɗan murhun naki? Kowa ya san ba zai ɗauka ba. Nawa ƙato ne, ban da ruwan kofi ba abin da yake dafawa."

Oddny ta jira har kaskon ya huce. Ta goge shi, ta naɗe a tawul, ta ɗora masa a hannu.

"Laraba zan zo," ta ce. "Kindirmo za ka saya, ba madara ba. Ka kuma share gidan."

Ta rataye tsummanta a ƙusa, ta riga shi fita.