Ranar da Na Wuce Ƙofar Gidanmu

A Zongon Kwatano ba mai kwatanta gidanmu da lamba. Cediya kawai ake cewa. Sunan itacen da ke ƙofar gida ne, amma ya zama sunan gidan, ya zama sunanmu mu jikoki, har 'yan zem, masu baburan haya, sun san inda za su tsaya in an faɗe shi. Kakata Iya Dije ce ta dasa reshen, wani mai shanu ya kawo mata daga arewa.

Bayan magariba a gindinta Iya ke hura gawayi tana gasa masara, mu kewaye murhu. Akwai tatsuniyar da ta maimaita har muka haddace. Wai wani falke ne ya sauka gindin cediya, ba shi da ko tabarma. Ta ba shi inuwa, matafiya suka riƙa tsayawa ana ciniki, har ya yi arziki. Sai ya ga ganyenta na ɓata masa ƙofa, ya sa mata gatari. Uwarsa ta taho daga nesa nemansa, kwatancen da aka yi mata ke nan, cediya. Ta bi ta gaban gidan ta wuce.

Na taɓa tambaya, "Iya, ta same shi daga baya?"

"Wa ya gaya maka? Ci masararka. Ba kowane labari ake gyara wa yaro ba."

Yaya Sabi'u, ɗan kawuna, da shi ake cin masarar nan, kullum shi ke zaɓar babba. Bara, Iya ko shekara ba ta yi da rasuwa ba, ya sare cediyar, ya zuba siminti, ya kafa butik, wato shagon kayan waya. Bai shawarci kowa ba.

Ina can garin Kalavi ina koyarwa, ban sani ba. Ranar da na zo gida, na hau zem na ce Cediya. Matashin ya ce, "Wace cediya, Malam?" Na ce mu je, zan nuna masa. Muka wuce gidan. Ni da aka binne cibiyata a ciki, sai da muka kai bakin titi na gane.

Na dawo na tarar da Yaya Sabi'u a butik ɗin. "Yaya, me ta tare maka?"

"Saiwarta na fasa bango. Itace ne fa kawai, Ali."

Har yau ban yafe masa ba, ba na kuma ƙoƙarin yafewa. A da ina zaton a kan falken ne Iya ke ja mana kunne. Ashe uwar take tausayi, wadda ta zo har ƙofa ta wuce. Ban taɓa kawowa a raina ni zan zama ita ba.