Shingen da Joanna Ta Kafa a Zonkwa

Joanna Kumai ta koyi riƙe zarto ne a wajen mahaifinta, wanda ya yi aikin kafinta a reluwe a Kafanchan har ya yi ritaya. Da ya rasu ba wanda ya kula da akwatin kayan aikinsa, sai ita ta ɗauka. Zarto ɗaya ne a ciki, da guduma, da kurfin sassaƙa guda biyu, da tef ɗin awo. Ba ta taɓa buɗe shago ba. Citta take sarowa ta sayar a kasuwa, amma duk mai son garken alade ko rumfa a unguwarsu ya san gidan da zai je.

Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne yanka gurbi a jikin dirka, inda katakon da ya gitta zai zauna. Sai ta ja layi biyu da fensir, ta bi su da zarto, ta ƙara yanka huɗu ko biyar a tsakani, sannan ta sa kurfi da guduma ta ɓalle su ta share cikin. Katako na shiga ya zauna daram, tun ba a buga ƙusa ba.

Shekara biyu da rasuwar mijinta, ƙanenta Gershon ya zo daga Kaduna. Ita ta goya shi yana jariri, a gidanta kuma ya gama sakandare.

"Yaya, gonar Baba ta Zonkwa fa kowa na shiga yadda ya ga dama," in ji shi. "Mu kewaye ta. Ni zan kawo katako, ke ki yi aikin. In an gama ki shuka cittarki, ki daina saro ta mutane."

Joanna ta yi murna har ta ba da shaida a taron zumuntar mata na coci. Mako uku tana shiga motar Zonkwa da sassafe. Dirka arba'in da shida na itacen malaina, kowacce da gurbi biyu, ta shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Ranar da kurfi ya zame ya yanke ta a tafin hannu, ɗankwalinta ta yaga ta ɗaure, ta ci gaba.

Da ruwan farko ya sauka, ta sayi irin citta buhu biyu, mai mashin ya kai ta har bakin gona. Ta tarar da kwaɗo a ƙofar da ta kafa da hannunta, tifa kuma tana zuba yashi a gefe. Wani mutum ya matso, ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Collins.

"Madam, kin yi ɓatan hanya ne? Ni na sayi wurin nan tun watan Janairu. Na ce wa mai shi sai ya sa shinge kafin in karɓa." Ya dafa wata dirka ya girgiza, ba ta motsa ba. "Wanda ya yi aikin nan ya iya. Kin san shi?"

"Na sani," in ji Joanna.

Ta koma gindin mangwaro ta kira Gershon. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Yaya, da na gaya miki ai ba za ki yarda ba. Kuma kin san gona ta maza ce. Zan ba ki wani abu."

"Ba gona na tambaye ka ba, Gershon. Ranar Lahadi na ce maka zan sayi iri, ka ce Allah ya sa albarka. Da wane baki ka faɗa?"

Ta kashe wayar.

Babban ɗanta Samson ya rantse zai je ya tumɓuke dirkokin duka. Ta hana shi, ta ce mutumin da ya saya bai yi mata laifi ba. Matan zumunta suka ce ta kai ƙara gaban dattawan ikilisiya, nan ma ta ƙi. Kwana huɗu ba ta fita kasuwa ba. Daga baya maƙwabciyarta Martina ta yanka mata gefen gonarta, ta shuka irin kafin ya ruɓe.

Da Kirsimeti Gershon ya zo da buhun shinkafa da kaza. Joanna ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa da abinci a kwanon baƙi, ta zauna daga nesa.

"Mista Gershon, yaya mutanen Kaduna?"

"Haba Yaya, ni ne mista?"

"Ci abinci, kada ya huce."

Loma kaɗan ya yi, ya wanke hannu, ya ce zai kama mota. Samson ne ya raka shi bakin titi.