Ranar da Baba Ya Miƙa Aska

Mu wanzaman ƙasar nan, daga Ƙarfi har Dayi, muna da wata al'ada da ta sha ba ni haushi a da, yanzu kuma da na tsufa nake kewarta. Da an gama kaka an zuba dawa a rumbu, sai kowa ya rataya zabirarsa ya nufi Dayi, gidan tsohon da ya koya mana sana'a. Bai haifi ko ɗaya a cikinmu ba, amma duk Baba muke ce masa. Ko furfura ta cika maka gemu, a bakin zaure za ka ajiye zabira, ka zauna kan tabarmar 'yan koyo, shi yana kan buzunsa. Ni da nake yi wa rabin Ƙarfi kaciya da ƙaho, wai in zo in durƙusa gaban bunsuru ana gyara mini riƙon aska!

Bunsurun kuwa shi ne karatun. A yanka shi, a rataye, a ɗirka masa kibau masu kunne a cinya, kowa ya zo ya cire tasa ba tare da ya yaga nama ba. A shekarun nan mahara ba sa barin mu mu huta, da an gama girbi sai ka ji sun faɗa wa wani ƙauye. Wanzamin da bai iya cire kibiya ba, gara ya tsaya ga aski. Akwai kuma doka ɗaya da ba a taɓa karyawa: inda Baba yake, ba mai sa wa mutum aska sai shi.

A shekarar da nake faɗi, na zo da sabon abu, kaina sai rawa yake. Wani wanzamin ayarin fatake da ya sauka Ƙarfi ya nuna mini yadda ake yanke gindin gashin tsuntsun nan dinya, a zura shi ya rufe kunnen kibiya, sai ta fito sumul ba ta kama komai ba. Baba shi faɗaɗa rauni yake yi, ya bi kibiya da ido. Na kawo maganar, ya ce in bari sai an jima. Na cika na yi fam, na koma gefe ina kallonsa.

Cikin kallon nan ne na lura. Baba ya kai hannu zai ɗauki hantsaki, hannun ya sauka a gefe, sai da ya laluba. Taubashina, wanzamin Matazu, ya cire tasa kibiyar ya bar cinyar bunsuru kaca-kaca kamar kura ta bi ta kai, amma Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na dubi taubashina don in tsokane shi, sai na ga ya sunkuyar da kai. Ashe kowa ya gane idon tsohon ya tafi, ba dai mai iya faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa ma da wa nake fushi.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga mutane ɗauke da wani Bamaguje a kan gadon kara. Manomi ne daga ungwannin bayan gari. Ya bi sawun waɗanda suka kore masa shanu, suka harbe shi a cikin cinya. 'Yan'uwansa sun ɗaure ƙafar, sun ba shi makarin dafi, amma wajen ja sun karya sandar kibiyar, ƙarfen ya zauna can ciki. Matarsa ta biyo su ko mayafi babu, tana ta cewa hannun tsohon suka zo nema, don shi ya taɓa ceton ubanta.

Baba ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya durƙusa. Yatsunsa suka sami bakin raunin nan da nan, don yatsun nan sun fi idon wani. Amma da ya ɗaga aska sai na ga tsininta ya tsaya daidai kan babbar jijiyar jini, wadda in aka taɓa ta mutum ba ya kai azahar. In na yi magana na tozarta mutumin da ya sa mini aska a hannu, a gaban baƙi. In na yi shiru kuwa a gabana za a kashe bawan Allah. Wallahi na tsine wa dokar nan a zuciyata. Na buɗe baki ke nan, sai na ga askar ta yi baya.

Baba ya ɗago kai ya ce, "'Ya'yana, tun farkon damina ba na ganin komai sai inuwa. In na yanka, kashe shi zan yi." Ya juyo da ƙotar askar wajen da yake jin numfashina. "Kai mai gashin dinya, karɓi."

Matar ta fara kuka, ta ce ba ni suka zo nema ba. Baba ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ba inda za shi. Ya ɗora yatsa kan jijiyar, ya ce mini a nan take bugawa, kada in kuskura in ƙetare yatsansa. Mutum huɗu suka danne majinyacin. Na buɗa kaɗan, na bi ƙarfen da hantsaki har na ji kunnuwan, na zura gashi ɗaya ya hau kan kunne ɗaya, na biyun ya ƙi hawa ɗayan, sai da na sake. Duk lokacin nan yatsan Baba bai motsa ba. Da na ja, kibiyar ta fito salin alin, jinin da ya biyo ta bai kai abin tsoro ba.

Na so in haɗe bakin raunin, Baba ya daka mini tsawa kamar yaron goye. Ya ce rauni mai zurfi daga ƙasa yake cikowa, in na rufe shi zai ruɓe a ciki. Aka wanke da ruwan bagaruwa, aka murza auduga aka jiƙa da zuma aka cusa. Mutumin ya yi jinya a zauren nan har sanyi ya wuce, ya koma gida da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi.

Amma abin da ba ya fita raina shi ne la'asar ɗin ranar. Mun koma wajen bunsuru, ba mai kallon wani. Sai Baba ya tashi daga buzunsa, ya laluba bango, ya zo ya raɓa tsakanina da taubashina a kan tabarmar 'yan koyo. Ya miƙo tafin hannu ya ce in sa masa gashin, in nuna masa yadda ake zurawa.

Na ce, "Baba, me za ka yi da shi kuma?"

Ya ce, "Ido ne ya tafi, ɗana. Yatsun suna nan, kuma ba su san wannan ba."

Na kama hannunsa na kai shi kan kibiyar, yadda ya kama nawa ranar da na fara aski. Ya kuskure, ya sake, ya kuskure. Hawaye suka hana ni ganin kunnen kibiyar, har ya ce in daina ɓata masa lokaci, in riƙe hannun da kyau.